Yadda likitan yara zai riƙa cin moriyar mujallun likitanci a bakin aiki

Wannan bayanin na ƙannenmu ne da suka shigo ɓangaren yara, ko kana haus job, wato shekarar koyon aiki bayan gama makaranta, ko ka fara rasidansi, wato horon ƙwarewa, ko kuma an tura ka wani asibitin ƙaramar hukuma kai kaɗai ne likita kuma rabin layin da ke jiranka goyo ne a baya. Zan riƙa cewa "ka" amma har da ƴan'uwa mata nake. Da yawanmu ba ma buɗe mujalla sai jarrabawa ta matso ko lokacin rubuta dizateshan, wato kundin bincike na kammala horo, ya yi, alhali mujalla kayan aiki ce kamar abin sauraren ƙirjin da ke rataye a wuyanka. Littafin da ka haddace a makaranta, kafin a rubuta shi a buga shi ya iso Kano an ci shekaru, kuma akasari da yaran Turai da Amurka a zuciya aka rubuta shi, yaron da ke gabanka kuwa ga maleriya ga tamowa ga ƙarancin jini duk a jiki ɗaya, kuma uban da kyar ya haɗa kuɗin kati.

Kayan da zaka tanada

Wayarka ta isa, in dai tana hawa intanet kuma tana buɗe PDF. Laftof ya fi daɗi wajen duba tebura masu ƙananan lambobi amma ba dole ba ne. Sai data, sai fawa bank saboda halin wutar nan tamu, sai ɗan ƙaramin littafi da biro da zasu shiga aljihun farar rigarka, wannan littafin kar ka raina shi, shi ne tushen komai, zaka gani a mataki na farko.

Sai ka san ƙofofin da ake shiga. PubMed, rumbun neman takardun binciken likitanci a intanet, kyauta ne, Babban Laburaren Likitanci na Amurka ne ke kula da shi, nan ne zaka fi zama. Ka buɗe akawun a can, shi ma kyauta. Akwai AJOL inda ake tara mujallun Afirka, a nan zaka samu Nigerian Journal of Paediatrics ta ƙungiyar likitocin yara ta ƙasa wato PAN, wadda ake bugawa tun 1974. Akwai Cochrane, su aikinsu tattara duk binciken da aka yi kan tambaya ɗaya su tace su faɗi inda hujja ta rinjaya. Sai Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don asibitoci da makarantun ƙasashe irin namu su samu karanta mujallun da ake biya, yanzu yana ƙarƙashin Research4Life. Shi ba mutum ɗaya ke yin rajista ba, asibiti ko makaranta ne ke yi, don haka ka taka da ƙafarka ka je laburaren asibitinku ko na kwalejin likitanci ka gaida ma'aikatan ka tambaye su ko akwai lambar shiga. Mutane da yawa suna shekaru a wuri ba su taɓa leƙa laburare ba, lambar tana nan a ajiye ba mai tambaya.

Mujallun da zaka riƙa jin sunansu: Pediatrics ta Amurka da aka fara a 1948, Archives of Disease in Childhood ta Ingila tun 1926, Journal of Tropical Pediatrics, BMC Pediatrics wadda duk abin da ke cikinta kyauta ne, sai manyan nan biyu Lancet da New England Journal of Medicine waɗanda ba na yara kaɗai ba ne amma manyan binciken da ke canza aikinmu a can suke fitowa. Ba cewa na yi ka karance su duka ba, ba wanda ke iyawa.

Abu na ƙarshe, ka sauke ƙaramin littafin aljihu na Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da yara a asibiti, bugu na biyu na 2013, da ƙa'idojin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya na maleriya da na sikila, su zauna a wayar ko babu data. Da su zaka riƙa auna abin da ka karanto.

Mataki na 1: Fito da tambaya daga bakin gado

Kar ka buɗe PubMed haka kawai kace bari in ga me ke sabo, zaka ɓata awa biyu ka tashi ba abin da ya zauna. Tambaya ake fara samu. Duk lokacin da kuke zagayen ɗaki ka ji zuciyarka ta ce anya haka ake yi kuwa, ko ka ji kwansaltan biyu sun saɓa, ko uwa ta yi maka tambayar da ka amsa da kame-kame, to ciro littafin nan ka rubuta a take, don in ka bari sai an tashi wallahi ta gudu. Kar ka rubuta sunan yaro ko lambar foldarsa, shekaru da ciwo sun isa.

Daga nan ka gyara tambayar ta zama mai gaɓa huɗu: wane irin yaro, me nake son yi masa, da me zan gwada shi, wane sakamako nake nema. Misali a ce yaro ɗan shekara 7 mai sikila an yi masa awon gudun jinin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, TCD ɗin nan, an samu ya haura 200, wato yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Littafi ya ce ƙarin jini duk wata. Baban yaron ya sunkuyar da kai ya ce likita ka dube ni, ina zan samo mai ba da jini da kuɗin gwaji duk wata har shekaru? To tambayarka ta fito kenan: a yara masu sikila da TCD ɗinsu ya hau, shin maganin sha na hydroxyurea na kare su daga shanyewar jiki, kuma nawa za a bayar? Kaga wannan ana iya nemo amsarta. Amma in ka rubuta "sikila" kawai, ba tambaya ba ce, babin littafi ne.

Mataki na 2: Nema

Dole kalmomin nema su zama na Turanci tunda da shi ake buga mujallun. Kar ka zuba jimla guda, ka ɗauki kalmomi 3 ko 4 daga gaɓoɓin tambayarka. A misalinmu sai ka rubuta sickle cell hydroxyurea stroke Nigeria ka danna. In sakamako ya yi yawa ka shiga wurin tacewa, a laftof yana gefen hagu, a waya maɓalli ne a sama, ka zaɓi shekarun yara daga haihuwa zuwa 18, ka zaɓi shekaru 5 ko 10 na baya-bayan nan, sannan a nau'in takarda ka fara da systematic review, wato wanda ya tattara binciken da aka yi ya tace, da randomized controlled trial, wato wanda aka raba marasa lafiya gida-gida ta hanyar ƙuri'a. In kuma bai fito da komai ba ka cire kalma ɗaya, yawanci sunan ƙasa ne ke ƙuntata shi, sai ka sa Africa a madadinsa ko ka bar shi ba ƙasa. Ka lura da rubutun Ingila da na Amurka, anaemia da anemia, paediatric da pediatric, in ɗaya bai ba ka ba gwada ɗayan.

Da wannan neman zaka ci karo da binciken SPRING da ya fito a Lancet Haematology a 2022, kuma abin daɗin shi ne a nan gida aka yi shi, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala suna ciki tare da Barau Dikko na Kaduna, sunan Farfesa Shehu Abdullahi ne a farko, tare da Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt. Yara 220 ne aka raba gida biyu, wasu 10 mg kan kowane kilo a rana, wasu 20 mg. Ba a ga bambanci ba wajen shanyewar jiki tsakanin gidajen biyu, amma masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Yaran da ke cikin wannan takardar irin waɗanda ke zaune a kan bencin kilinik ɗinka ne, ruwa ɗaya suke sha, sauro ɗaya ke cizonsu.

In ka samu takarda ɗaya mai kyau ka gangara ƙasan shafin, akwai jerin masu kama da ita da jerin waɗanda suka ambace ta daga baya, sau da yawa nan ne zaka ga ko wani ya zo ya ƙaryata ta ko ya ƙarfafa ta.

Gargaɗi guda a nan: yanzu ƙananan likitoci da yawa ChatGPT suke tambaya ya ba su takardu. Yana iya ƙirƙiro maka sunan takarda da marubuta da shekara tsaf, ka je nema ka tarar babu ita a duniya. In zaka yi amfani da shi ka yi, amma duk sunan da ya ba ka sai ka gan shi da idonka a PubMed kafin ka furta shi a gaban mutane.

Mataki na 3: Samo cikakkiyar takardar

Abstirak, ɗan taƙaitawar nan ta farko, talla ce kawai, marubuci mafi kyawun abin da ya samu yake sawa a ciki. Kar ka canza wa yaro magani da ita. Ka duba ko akwai alamar PMC, wato ma'ajiyar cikakkun takardu ta PubMed, a gefe, in akwai to kyauta ce ka sauke. In babu ka kwafi sunan takardar ka sa a Google Scholar ka duba ko akwai PDF a gefen dama. A laftof akwai ɗan ƙari da ake sa wa burauza mai suna Unpaywall, in akwai halastaccen kwafi na kyauta sai wani koren kwaɗon kulle ya bayyana a gefen shafi. In duk sun ƙi sai Hinari. In shi ma babu, rubuta wa marubucin, imel ɗinsa na jikin takardar, layi uku sun isa: ni likitan yara ne a Kano, ina kula da yara masu kaza, ina roƙon kwafi. Da yawansu suna turowa da murna, wani ma har da wasu takardun da ba ka tambaya ba. Kar ka cire dala 30 ko 40 daga albashinka kan takarda ɗaya kafin ka bi duk waɗannan hanyoyin.

In data ce matsalar, ka tara sunayen da kake so cikin mako ka sauke su gaba ɗaya lokacin da ka samu waifai ko garaɓasar dare, ka sa musu suna mai ma'ana kamar ciwo da shekara. Mai laftof ya sauke manhajar adana takardu ta Zotero, kyauta ce, zai jera maka su kuma ranar rubuta dizateshan zaka sa masa albarka.

Mataki na 4: Duba ko mujallar ta kirki ce

Akwai mujallun ƴan damfara, kuɗi kawai suke karɓa su buga ko me aka tura musu cikin kwana kaɗan ba wanda ya duba. Su ne masu cika maka imel suna kiranka babban farfesa kai da ko jarrabawar fat wan ta rasidansi ba ka ci ba. Ka duba sunan mujallar a DOAJ, jerin mujallun kyauta da aka tantance, ko AJOL, ko ka ga tana cikin MEDLINE, jerin zaɓaɓɓun mujallu na PubMed. Ka kuma duba ranar da aka karɓi takardar da ranar da aka amince da ita, in mako ɗaya ne tsakani ka yi hattara.

Babbar mujalla ma tana tuntuɓe. Lancet ce ta buga takardar Andrew Wakefield a 1998 mai yara 12 kacal da ta jingina rigakafin ƙyanda na MMR da ciwon galhanga, sai 2010 aka janye ta, bayan ta riga ta tsorata iyaye a ƙasashe da dama. Mu da muka san abin da dakatar da rigakafin shan inna ya jawo a Kano a 2003 ba sai an yi mana dogon bayani ba. PubMed na sa jan tambari a saman takardar da aka janye, amma PDF ɗin da ke yawo a WhatsApp ba ya ɗauke da tambarin, don haka duk abin da aka turo maka a guruf ka koma ka duba asalinsa.

Mataki na 5: Karatun kansa

Ba daga farko zuwa ƙarshe ake karanta takardar ba. Gabatarwa ka tsallake ta in ka san ciwon. Ka tafi kai tsaye sashen da aka rubuta Methods, wato yadda aka gudanar da binciken, ka nemi amsar waɗannan. Wane irin bincike ne? In tambayarka ta magani ce to wanda aka raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, don likita bai zaɓi masu sauƙi ya ba su sabon magani ba. Wanda aka kwaso tsofaffin folda aka ƙirga yana da amfani wajen sanin me ya fi kawo yara ɗakin gaggawa ko wace ƙwayar cuta ce ke yawo kuma wane magani ta daina ji, amma ba zai iya ce maka wannan maganin ya fi wancan ba. Sannan yara nawa aka fara da su, nawa aka ƙare da su? In an fara da 200 an ƙare da 120, ina sauran 80, sun warke ne suka daina zuwa ko sun rasu a gida? Me aka auna, rai da mutuwa da kwanakin kwanciya, ko wata lamba ce kawai ta lab?

Sai wurin da nake so ka fi daɗewa, su wa aka ɗauka kuma su wa aka cire. Ga dalili. A 2011 New England Journal ta buga binciken FEAST na Kathryn Maitland da abokan aikinta, yara 3,141 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya masu zazzaɓi mai tsanani da alamar jini ba ya zagawa yadda ya kamata. Duk duniya an yarda cewa irin wannan yaron a ɗura masa ruwa da sauri, 20 ml kan kowane kilo, haka aka koya mana. Sai sakamako ya fito akasin haka: cikin awa 48, waɗanda aka ɗura wa ruwan furotin na albumin kashi 10.6 cikin ɗari suka rasu, na ruwan gishiri kashi 10.5, waɗanda ba a ɗura wa ba aka bar su kan ruwa na a hankali kashi 7.3. Yaran nan fiye da rabinsu maleriya ce da su, asibitocin kuma ba na'urar taimakon numfashi, kaga kamar ɗakinmu aka kwatanta. To amma wanda ya tsaya a abstirak zai fita yana cewa an hana ɗura ruwa da sauri, gobe a kawo masa yaro da amai da gudawa ido ya faɗa fata ta tsaya in an ja ta, ya ƙi ba shi ruwa ya hallaka shi. Binciken bai ɗauki masu gudawa ba sam, bai ɗauki masu tamowa mai tsanani ba, bai ɗauki masu ƙuna ba. Layi biyu ne a cikin Methods, kuma ran yaro na rataye a kansu. Mai gudawa yana nan kan tsarinsa na Plan C, wato tsarin ba da ruwa ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare sosai, mai tamowa kuma nasa tsarin daban ne.

Bayan Methods ka duba tebur na farko, shi ke nuna kamannin yaran gidajen biyu, shekarunsu, nauyinsu, yawan jininsu, ka ga ko sun yi daidai da juna tun farko. Sai teburin babban sakamako, sai na illolin magani wanda mutane ke tsallakewa. Sharhin marubuta shi ne na ƙarshe, lokacin ka riga ka yanke naka hukuncin. Can ƙasa da ƙananan haruffa akwai wanda ya ba da kuɗin binciken, ka karanta. In wakilin kamfanin magani ne ya miƙo maka takarda mai sheƙi tare da biro da abincin rana, ka karɓa ka yi godiya, ka je ka nemo abin da wasu da ba ruwansu da kamfanin suka samu.

Mataki na 6: Lissafin da ba makawa

Ba sai ka zama masanin ƙididdiga ba, abu uku sun ishe ka fara aiki. Na farko bambancin ragi na kwatance da ragi na zahiri. Ɗauki binciken AQUAMAT da Lancet ta buga a 2010, wanda ya gwada maganin artesunate da kwinin, yara 5,425 masu maleriya mai tsanani a ƙasashen Afirka 9, har da Ilori a nan Najeriya. Masu artesunate kashi 8.5 suka rasu, masu kwinin kashi 10.9. Zaka ga an rubuta ya rage mutuwa da kashi 22.5, gaskiya ne, wannan na kwatance ne. Na zahiri kuwa ka cire 8.5 daga 10.9, ya ba ka 2.4. Raba 100 da 2.4 ka samu wajen 41 zuwa 42, ma'ana duk yara 41 ko 42 da ka ba artesunate maimakon kwinin ka tsirar da rai ɗaya da izinin Allah. Yanzu ka tuna yawan yaran da ke cika ɗakin gaggawa daga Agusta zuwa Oktoba, har biyu uku a gado ɗaya, zaka ga wannan lambar ba ƙarama ba ce. Ka saba yin wannan ɗan lissafin a gefen takarda kullum, don wani maganin za a ce ya rage abu da rabi, in ka duba daga 2 cikin dubu ne zuwa 1 cikin dubu, kuma kuɗinsa ya fi albashin uban.

Na biyu lambobi biyun da ke biye da sakamako an rubuta 95% CI, wato tazarar da ake sa ran ainihin amsar na ciki. In sakamakon na kwatance ne kuma lamba 1 ta faɗo tsakaninsu, kamar 0.7 zuwa 1.3, to ba a tabbatar da bambanci ba. In tazarar ta yi faɗi sosai yawanci yaran sun yi kaɗan. Na uku lambar da ake rubutawa p, in ta yi ƙasa da 0.05, abin da yake nufi kawai da wuya a ce dace ne, bai ce bambancin na da girma ko yana da amfani ga yaronka ba.

Mataki na 7: Zai yiwu a nan?

Takarda ta yi kyau, lissafi ya fita, saura tambayar gida. Akwai maganin a famasi ko sai an shiga Sabon Gari nema, kuma in an samo ka yarda da ingancinsa? Nawa ne na wata guda? Akwai gwajin da ake bin sa da shi? Hydroxyurea misali yana buƙatar a riƙa duba ƙwayoyin jini lokaci-lokaci, in iyalin daga wani ƙauye suke zuwa bayan Gwarzo ko Rano dole ka tsara da su yadda zasu riƙa dawowa tun kafin a fara, ka kuma duba girman ƙwanson da ake samu ko zai yi daidai da nauyin yaron. Nas nawa ne ke kwana a ɗakin? Tsarin da ke buƙatar a duba yaro duk minti 15 ba zai yiwu ba inda nas biyu ke riƙe da gado 40.

Wani lokacin kuma amsar daɗi gare ta, abin ba ya cin ko sisi. Binciken da aka buga a New England Journal a 2021 kan ɗora bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata tun daga haihuwa ba tare da jiran ya daidaita a kwalbar ɗumama jarirai ba, an yi shi a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Ile-Ife, jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Mutuwa cikin kwana 28 ta sauko daga kashi 15.7 zuwa kashi 12. Abin da yake buƙata wuri ne da uwa zata zauna kusa da jaririnta a ɗakin jarirai, da zani mai kyau na ɗaurewa, da wata ƴar'uwa da zata karɓe ta in ta gaji, kaka ko ƙanwa. A wurin da wuta ke ɗaukewa kwalba ta huce, wannan takardar ta cancanci a kai ta gaban shugaban sashe.

Mataki na 8: Kar ka canza aiki kai kaɗai

Ka karanta takarda da daddare ka zo da safe ka canza wa yaro magani ba wanda ya sani, wannan kuskure ne babba ko da takardar gaskiya ta faɗa. Nas ɗin dare bata san dalili ba, likitan da zai karɓi aiki bayanka zai mayar da shi yadda yake, yaron ne zai sha wahala a tsakani. Ka fara duba me ƙa'idar ƙasa da ta Hukumar Lafiya ta Duniya suka ce, sau da yawa zaka tarar sun riga sun shigar da binciken, kamar yadda artesunate ya zama na farko bayan AQUAMAT, har daga baya aka ƙara wa yaran da ba su kai kilo 20 ba zuwa 3 mg kan kowane kilo maimakon 2.4. In ƙa'idar bata kai wurin ba, ka kai wa babbanka cikin ladabi: ranka ya daɗe na ga wata takarda kan abin da muka tattauna jiya, ko zaka duba mana. Ka miƙa masa a buge, ka ja layi a wuraren da suka dace. In sashenku na zaman mujalla na mako-mako ka nemi a ba ka rana, ka gayyaci nas-nas da mai famasi don su ne zasu aiwatar. In babu zaman, ku haɗu ku huɗu ko biyar a WhatsApp, takarda ɗaya a mako, kowa da ranarsa, wanda ke ƙauye shi kaɗai ma ya samu shiga.

Duk takardar da ka gama ka koma littafin aljihunka ƙarƙashin tambayar ka rubuta layi uku: me aka samu, a kan waɗanne yara, me zan yi ko ba zan yi ba. Ka sa kwanan wata. Ka kuma gwada faɗin amsar da Hausa yadda zaka gaya wa uwa, misali Mama wannan maganin ba ya warkar da sikila amma yana rage tashin ciwon kuma yana kare ƙwaƙwalwarsa, kullum ake sha, kuma zamu riƙa duba jininsa. In ka kasa faɗin ta haka ka koma ka sake karantawa.

Mataki na 9: Sa sababbi su riƙa zuwa da kansu

A PubMed ƙarƙashin akwatin nema akwai Create alert. Ka yi nema kan abu 3 ko 4 da suka fi cika ɗakinku, a ce sikila, maleriya mai tsanani, shawarar jarirai, mashaƙo tunda mun ga yadda ya yi mana a 2023, ka ce a turo maka sau ɗaya a mako. Kar ka wuce haka, in imel ya yi yawa zaka daina buɗewa. Ka ware rabin awa sau biyu a mako a lokacin da ba mai kiranka, wasu bayan asuba ya fi musu, wasu bayan isha'i.

In ka nema ka rasa

Zai faru ka bi duk matakan nan ka tarar ba wanda ya taɓa bincika tambayarka a yara irin namu. To ka yi aiki da ƙa'idar da ke akwai da shawarar manya, sannan ka fara tara bayanan yaran da kake gani a tsare, don wataƙila kai ne zaka rubuta takardar. Amma kafin ka ɗauki bayanin yaro ko ɗaya da niyyar bugawa, sai ka samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku ko na Ma'aikatar Lafiya ta jiha a rubuce. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin sanƙarau a 1996 ba, kuma suna da gaskiya in suka yi tambaya. Takardar neman yardar iyaye ka fassara ta da Hausa mai sauƙi, wanda ba ya karatun boko a karanta masa a gaban shaida ya dangwala, ka gaya masa ƙarara cewa in ya ƙi ba abin da zai ragu a kulawar da ake ba ɗansa, sannan ka ba shi kwafi ɗaya ya tafi da shi gida.